Gorar Ƙarfe Goma

"Ni ban taɓa rigar nan ba," na ce.

"Kai ka kai ta, kai ka dawo da ita," in ji Baba. "Aljani ne ya taɓa ta a hanya?"

Ya shimfiɗa ta a kan teburin guga. Farar riga ce ta wani ma'aikacin banki da ke kawo mana kaya duk ƙarshen mako. A ƙasan aljihu akwai tabo biyu, ja-ja, girman kan yatsa. Mutumin ya buɗe ledar a bakin ƙofarsa, ya gani, ya miƙo min abina ya rufe ƙofa. Da ya yi faɗa ma da ya fi min sauƙi.

Baba ya ɗauko karatun da ya saba. Shekara ashirin da huɗu yana wanki da guga, bai taɓa mayar wa mutum farin kaya da tabo ba. Ni kuwa na gama sakandare, amma ɗaukar riga daga nan zuwa can ya gagare ni. Na bar shi ya kai aya.

"Dubi hannunka, Baba."

Ya duba. Tafukansa jajawur suke, daga kan yatsu har wuyan hannu. Jan ya shige cikin tsagar fata, ya kwanta a ƙarƙashin farce. Ya juya su, ya sake juyawa, kamar aro aka ba shi. Sai ya ɗauki rigar ya jiƙa ta a ruwan sanyi da garin sabulu. Can ya ce, ba da ni yake ba, wataƙila lokacin da yake sa ta a leda ne. Bai ba ni haƙuri ba. Ban sa rai ba dama.

Ni na ɓata rigar.

Mako uku kafin nan, Auta ta faɗi a layin taron safe a makarantarsu. Ƙanwata ce, shekararta goma sha huɗu, mu biyu ke nan a gidan. Mama tana aiki a gidan burodi, tana fita tun gari bai waye ba, sai yamma take dawowa, don haka ni da Baba muka kai ta asibitin unguwa. Ya rufe shago da rana tsaka, ga kayan mutane a jiƙe. Ranar da dutsen guga ya kwashe min fatar hannu, abin da ya fara dubawa wandon da nake gogewa ne.

Nas ɗin ta ja fatar idon Auta ƙasa. Ciki fari fat kamar takarda. Ta matsa farcenta, ta ɗebi jini, muka zauna jira a benci. Da sakamako ya fito ta ce ƙarancin jini ne, kuma ya yi ƙasa sosai. Ta ce yana yawan kama 'yan mata masu irin shekarunta: jiki na girma, ga al'ada duk wata, ga ci kamar na tsuntsu. Da aka ambaci al'ada Baba ya mayar da idonsa kan takalminsa. Ta ba da ƙwayoyi ƙanana, ɗaya kullum. Ta ce a riƙa ba ta hanta da wake da ganye, a dawo bayan wata guda a sake gwadawa. In jinin bai hau ba za a kwantar da ita, ƙila har a yi mata ƙarin jini.

Kwana biyu bayan haka wata mata da ke kawo mana labule da zanen gado ta ba Baba labarin bitirut. Ta ce 'yar ƙanwarta da shi ta tashi. A matse ruwansa a sha, ja ne wur kamar jinin kansa. Baba ya tafi kasuwa ya dawo da shi cike da leda, wasu dunƙulallun saiwoyi masu ƙasa a jiki da jela kamar ta ɓera. Sunan bai zauna masa a baki ba, jan dankalin nan yake ce masa. Ya sa ɗaya a aljihu, ya ja ni muka koma wurin nas ɗin don ya tambaya.

"Ba laifi ta sha, Baba, abinci ne mai kyau," ta ce. "Amma ba zai yi aikin ƙwayar ba. Ƙwayar ce maganin."

A hanya ya ce min, ka ji ko, Sista ma ta ce mai kyau ne. Rabin maganar ya ɗauko, ya bar rabi a can.

Ba mu da injin markaɗe. Da magogin kuɓewa na Mama yake yi. Kullum da asuba zai kife bokiti a tsakar gida ya zauna a kai, ya wanke saiwar, ya fere, ya kama goga. Ɗakina bango ɗaya ne da wurin, ƙarar magogin ke tashina. In ya gama sai ya juye a wani farin hankici da mai shi ya manta da shi shekara biyu, ya murɗe, ya matse har jijiyoyin hannunsa su tashi. Ya ɗiga lemun tsami, ya ɗan kankare citta. Awa guda cur yake ɗauka. Sannan ya ɗauki kofi ya tsaya a ƙofar ɗakinta.

"Uwata, tashi ki sha."

Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa. Amma muryar ce ban sani ba. Shekara goma sha tara ina gidan nan ban san yana da ita ba. Ni "kai" yake ce min. A gaban masu kawo kaya, "yaron nan". In ya so raha, Malam Satifiket.

Yana tsaye a kanta har sai ta shanye. Ta yatsina fuska, ya lallashe ta. Ta ce ƙasa-ƙasa yake yi, ya ce ai duk abin da ke gina jiki daga ƙasa yake fitowa. Daga nan ya koma bakin rijiya ya dirje hannunsa da ɓawon lemu da gishiri. Ba ya fita. Wannan mutumin ne fa da ba ya cin abinci mai manja da rana saboda fararen kaya. Wanda sai na wanke hannu a gabansa, na nuna masa ciki da baya, kafin ya bar ni in taɓa riga. Ina aji biyu na taɓa barin ɗigon biro a hannun rigar wani malami. Kunnena na hagu ya kwana uku yana ƙara.

Kashi biyu yake yi. Na safe a kofi, na biyun a gorar roba, don ta sha a hutun ƙarfe goma. Yakan naɗe gorar da jiƙaƙƙen tsumma don kada ta yi zafi, ya sa a baƙar leda. Ni ke kaiwa, tunda ni ne marar abin yi. Wata takwas da gama makaranta, aikina hura gawayi, ɗauraya, da kai kayan da aka goge gidajen masu su. Sai ya haɗa min biyun: kaya a kafaɗa, gora a hannu.

"Kada ka tsaya surutu. Kada rana ta dake ta. A hannunta za ka sa."

Kullum sai ya faɗa. Kayan mutane kuwa, da a da su yake yi min kashedi a kai, ya daina ambatonsu.

A rana ta huɗu na fara. Akwai garejin makanikai a hanyar makarantar, a bayansa wata matacciyar babbar mota da ciyawa ta fito ta cikin tayoyinta. Nan na raɓe na kwance tsumman. Gorar da sanyinta. Na kurɓa sau ɗaya. Ƙasa ce bayan an yi ruwan sama, da ɗan zaƙi a ƙarshe da yajin citta. Bai yi min daɗi ba. Na sake kurɓa. Akwai famfo a gefen gidan mai, na cika gurbin da ruwa, na kurkure baki, na wuce.

Washegari ma haka. Kurɓa biyu ta zama huɗu, huɗu ta zama rabin gora. Ba yunwa nake ji ba, ina karyawa kafin in fito. Abin da na sani kawai, awa guda ta hannun Baba ce a cikin gorar nan, kuma ba a taɓa zuba min ko cokali ba. Da ya ce ɗanɗana ka ji ko lemun ya yi, ina jin da shi ke nan. Bai ce ba.

Ranar rigar, famfon gidan man ba ruwa. Na goge baki da yatsu. Ledar rigar ta yage a gefe, na tura aljihun ciki da yatsun nan. Sai da mutumin ya buɗe na gani.

Kashegarin faɗanmu na isa ƙofar makaranta ana buga ƙararrawa. Maigadi ya san ni, ya ɗaga min hannu. Auta ta fito da ƙawayenta biyu, suna gaba tana baya, don ba ta iya sauri. Ɗaya ta ce ga jinin gora ya iso, 'yar Baba a zo a sha. Suka yi dariya suka tsaya nesa. Auta ta karɓi gorar, ta kwance tsumman, ta ɗaga ta saitin rana. Ta daɗe tana kallo.

"Yaya, yi dariya in gani."

Na ce ba ni da lokacin shirme.

"To buɗe baki."

Ban buɗe ba. Ta kama dariya har sai da ta dafa ƙarfen ƙofar, numfashinta na sama-sama. Ta ce ta fi mako biyu da sani. Na safe yana kama jikin kofi, na ƙarfe goma kuwa kamar ruwan da aka ɗauraye kofin. Da farko ta ɗauka hannun Baba ne ya gaji, sai ranar nan ta ga tsakanin haƙorana. Ta ce in kwantar da hankalina. Da ma in shanye duka in huta da zuwa famfo, ita ba sha take yi ba. Na safen ma don yana tsaye a kanta ne.

Na tambaye ta ina take kai shi.

Ta nuna ƙawayen da haɓa. An hana jan baki a makaranta, to su sun samu. Da yatsa suke dangwala su shafa a leɓe, in malama ta yi magana su ce magani suka sha. Sauran kuma a tuttular a gindin bishiyar bayan aji. Ta ce bishiyar ma ta yi ƙiba.

Na tsaya ina kallonta. Abin da nake raɓewa a bayan mota ina sata kamar ɓarawon kaji, ita bishiya take ba. Da ba a gaban mutane muke ba, ban san me zan yi ba.

Don in ce wani abu, na ce to ƙwayar fa.

Dariyar ta ɗauke. Ta waiga, ta zuge jaka, ta fito da gwangwanin kayan lissafinta, ta ɗan buɗe shi yadda ni kaɗai zan gani. A ƙarƙashin rula da kamfas ga su nan kwance, jajaye-jajaye, sun kusa ashirin. Ta ce kwana huɗu ta sha ta bari. Suna tayar mata da zuciya, cikinta ya ɗaure, bayan gidanta ya koma baƙi ƙirin, ta tsorata. Kullum takan ɓalle ɗaya daga takardar ta jefa nan, don in Mama ta duba ta ga suna raguwa. Mama da yamma take tambaya, kin sha? Ta ce ta sha. Baba kuwa bai taɓa tambayar ƙwaya ba.

"Ka rufa min, in rufa maka," ta ce. Ta tura min gorar a ƙirji ta koma wurin ƙawayenta.

Ina wurin sanda nas ɗin ta yi magana, duka biyun. Na kuma ci darasin halittu a jarrabawa, na san me ke cikin ƙwayar da me ke cikin gorar. Saura kwana takwas a koma gwaji. Na koma bayan motar na shanye gorar tas.

Ban faɗa ba.

A kwanakin nan na zama mai kallo. In Auta ta miƙe daga zaune sai ta dafa bango ta jira duhun idonta ya wuce. In ta ɗauko bokiti rabi daga rijiya sai ta ajiye sau biyu. Rannan na kama ta a bayan shago tana tsintar ƙananan gawayi daga buhu tana taunawa. Ta ce ranta ne ke so, ba ta san dalili ba. Ta goge baki ta yi min alamar in yi shiru, kamar wasa muke.

Baba kuwa murna yake. Da safe in ta sauke kofi, leɓɓanta sun rine, sai ya kira Mama in ba ta riga ta fita ba, ko ni in ba kowa.

"Kai, zo ka gani. Jini ya fara dawowa. Dubi bakinta."

Mutumin da ya san tabo fiye da kowa a unguwar, wanda daga nesa zai gaya maka wannan shayi ne, wannan tsatsa ce, wannan jini ne. Na ce eh, ya fara. Ya gaya wa mai labule, ya yi mata godiya har da rusunawa. Ya gaya wa mai shagon kusa da mu. Ya gaya wa ma'aikacin bankin ranar da ya mayar masa da rigarsa da kansa, ta fita tas, ya nuna masa hannuwansa yana ba shi haƙuri yana dariya. Ya ce ciwon 'ya ne ya mayar da shi marini.

Na gaya wa kaina tsoro ne ya rufe min baki, in na tona ta za ta tona ni. Akwai wannan. Amma ba shi ne babba ba. So nake ranar ta zo. So nake in ga fuskarsa sanda nas za ta karanta takardar, ya gane awa talatin ɗin da ya yi a kan bokiti ba su tsinana komai ba. Na san jinin ƙanwata ne a tsakani. Na sani sarai. Da na tuna sai in ce gobe zan faɗa, gobe ta yi in ji ƙarar magogi ta bango, in ji "Uwata", in fasa.

Sau biyu na nufi Mama. Na farko na tarar ta yi barci a zaune, takalminta a ƙafa, garin fulawa a girarta. Na biyu na ce Mama, akwai magana. Ta ce dama tana nemana, in riƙa karɓar wa babana gogar nan mana, ƙato da ni, ban ga yadda hannunsa ya koma ba? Na ce to. Da safe na je na tsaya a kansa na ce ya kawo in yi. Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce ni ba zan iya ba, zan bar ɓawo a ciki.

Ana jibi za mu koma, magogin ya kwashe masa gaɓar yatsa. Ina tsaye a bakin ƙofa. Ba a ma gane jinin a cikin jan. Ya tsotse yatsar, ya ɗaure da tsumma, ya zubar da wanda ya goga duka don kada ya gurɓata, ya ɗauko sabon dunƙule ya fara daga farko. Ya ɗago ya gan ni.

"Me kake kallo? Je ka hura gawayi."

Ranar gwajin ya sa farar rigarsa ta fita, ya goge ta har tana ɗaukar ido. Ya zaɓo manyan bitirut guda uku ya wanke ya sa a leda, wai tsarabar Sista. Auta na cikin kayan makaranta da jakarta, daga can za ta wuce aji. Mama ba ta samu izini a wurin aiki ba. Muka zauna a bencin nan dai. Baba na ba wata tsohuwa da ke kusa da shi labarin yadda ake matsewa, da cewa hankici ya fi rariya. Auta ta ƙi kallona.

Aka kira mu. Nas ɗin ta duba takardar, ta ɗauko ta wancan watan ta jera su. Ta cire tabarau.

Ta ce bai hau ba. Ya ma ɗan ƙara sauka.

Baba ya ce ko dai takardar wani ce. Ta ce ta Auta ce. Ta juya ga Auta ta tambaye ta ko tana shan ƙwayar. Auta ta ce tana sha. Kullum? Kullum. Saura nawa? Sun ƙare jiya. Nas ɗin ta tambayi Baba ko yana ganin sanda take haɗiyewa. Ya ce shi dai ruwan jan dankalin nan, sau biyu a rana, bai taɓa fashi ba ko sau ɗaya. Ya ɗora hannuwansa a kan teburin don ta gani, har da yatsar mai tsumma.

Ta dube su, ta yi ajiyar zuciya. Ta ce in har yarinya ta sha ƙwaya wata guda jini bai motsa ba, to akwai wani abu daban da ke cinye shi, kuma ba za ta bar ta ta koma gida ba. Za a ba ta gado yau, a yi wasu gwaje-gwajen, a nemi jini a ajiye. Ta jawo wata takarda ta fara cikawa. Ta tambaye ni ko na san rukunin jinina.

Baba ya fara magana, ba da kowa ba. Ko lemun ne ya yi yawa. Ko magogin ne, akwai 'yar tsatsa a gefe, ya gani ya ƙyale. Ko ƙananan ne ba su da ƙarfi, mako na biyu ƙanana ya samu. Ledar tsarabar na kan cinyarsa, ya riƙe ta da hannu biyu.

Fuskar da na yi kwana takwas ina jira ke nan. Na kalle ta da kyau. Ban samu komai a ciki ba. Ko a lokacin ma Auta yake kallo.

Biron nas ɗin na tafiya. Auta ta ƙura wa ƙasa ido, ta gwammace allura da gado da ta buɗe baki.

"Sista," na ce, "a buɗe gwangwanin lissafinta."

Auta ta rungume jakar. Nas ɗin hannu kawai ta miƙa, ta bar shi a miƙe har aka ba ta. Ta juye gwangwanin a kan tebur. Rula da kamfas da guntun fensir suka zubo, ƙwayoyin suka gangara ko'ina, ɗaya ta faɗa kan takalmin Baba. Ta tattara su da bakin biro. Ashirin da shida.

Auta ta fashe da kuka. Cikin kukan ta nuna ni.

"Shi kuma ya faɗa muku wa ke shanye na ƙarfe goma. Ya faɗa muku famfon gidan mai. Kuma ai ya daɗe da sanin ba na sha, shi ya yarda zai rufa min."

Ba ta ambaci bishiya da jan baki ba. Ni ma ban ambata ba.

Nas ɗin ta ce zancen gora mu ƙarata a gida, ba shi ya dame ta ba. Ta yage takardar gadon. Ta jawo kujerarta kusa da Auta ta tambaye ta dalili, a hankali, har ta faɗa. Ta ce baƙin bayan gida ba ciwo ba ne, haka ƙwayar ke yi, da ta tambaya da tuni an gaya mata. Ta riƙa sha bayan ta ci abinci, kada ta haɗa da shayi, ta yawaita ruwa. Ta ba da mako biyu. In jiri ya ƙaru ko ta sake faɗuwa, a kawo ta a ranar, ba jira. Kuma kullum sai wani ya tsaya ya ga ta haɗiye, ta buɗe baki ya duba. Wa zai yi?

"Ni," in ji Baba.

Bai ba da tsarabar ba. Da muka fito ya miƙo min ledar ta gefe, bai juyo ba. Ya karɓi jakar Auta ya rataya a kafaɗar farar rigarsa. A bakin titi ya saya mata burodi da dafaffen ƙwai, ya ɓare mata da kansa, ya tsaya ta cinye, ya ba ta ƙwaya ɗaya da ruwa. Ta haɗiye ta buɗe baki. Ya leƙa. Ya share mata hawaye da babban yatsa, ya ce ya isa, Uwata, laifina ne da ban tambaya ba. Ina bayansu da taku biyar, da bitirut uku a hannu. Ya ce yau ba makaranta, gida za ta ta kwanta.

A shago na ajiye ledar a ƙarƙashin tebur na tsaya inda hannunsa zai same ni. Na shirya wa mari. In faɗi gaskiya, ina son sa. Ya cire rigar fitar ya rataye. Ya zuba gawayi a dutsen guga, ya hura da kansa, aikin da nawa ne. Ya jira ya kama. Ya ɗauko wando daga tarin kaya, ya yayyafa ruwa, ya bi kari ɗaya, ya juya ya bi ɗayan. Ya ninke. Ya ce daga gobe ba sauran gora, kaya kawai zan riƙa kaiwa. Na ce to.

Ya ɗauko riga. Ya goge wuya, ya goge hannu ɗaya. Ana jin tarin Auta daga cikin gida, da ƙarar gawayi a cikin dutsen. Ya ɗora dutsen a kan mazauninsa, ya dafa teburin da jajayen hannuwan nan biyu, bayansa gare ni.

"Wanda ka sha, ka sha," ya ce. "Amma kwana nawa ka yi kana tsaye a bakin ƙofar nan kana kallona ina goga abin nan, alhali ka sani?"